Wasiƙa zuwa Abijan a kan rasuwar Rashidi Yekini

Damagaram,
10 ga Mayu, 2012.

Aminina Alhaji,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Hajiya da yara, kuma kasuwar Adjame tana ci yadda kake so. Mu a nan lafiya lau muke, in ban da zafin bazara da jiran ruwan famfo, waɗanda ka san ba baƙi ba ne a garin nan.

Na san labarin ya riga takardata isa Abijan, amma ban ga ya dace ya wuce ba tare da ni da kai mun yi wa juna ta'aziyya ba. Rashidi Yekini, tsohon ɗan ƙwallon Najeriya, ya riga mu gidan gaskiya ranar Juma'a, 4 ga wannan wata, a Ibadan, yana da shekara 48, aka kai shi garin Ira na jihar Kwara, asalin iyayensa, aka yi masa sutura a can. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, ya ba iyalinsa haƙuri, mu kuma ya sa mu cika da imani. Na yi ta sauraron kiranka tun da rediyo ya ba da sanarwa, ina cewa a raina mutumin da ya kwashe shekara da shekaru yana musu da ni a kan wannan bawan Allah ba zai kasa sayen katin waya na jika guda ba. Da na ji shiru, sai na ɗauki biro, domin abin da ke bakina ya fi ƙarfin katin waya ko na nawa ne.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, duk tashar da ka murɗa, da duk wanda ya buɗe baki a fada, maganar ɗaya ce: ƙwallon Bulgeriya, da yadda ya faɗa cikin raga ya riƙe ta da hannu biyu yana ihu. Ban raina ƙwallon ba, kai ma shaida ne, tun da tare muka gani a tsakar gidan Muse, dare ya riga ya raba, an fito da tele an ɗora a kan tebur, rabin samarin Zango suna zaune a ƙasa. A birnin Dallas ranar 21 ga Yunin 1994 ce, mu kuwa mun riga mun shiga washegari. A minti na 21 Amokachi ya zura wa Finidi George ta gefen dama, Finidi ya shimfiɗo ƙwallo ƙasa-ƙasa ta bakin raga, Yekini ya sa ƙafa. Shi ne ƙwallon farko da Najeriya ta taɓa ci a gasar cin kofin duniya, kuma Bulgeriyar da aka lallasa da ci 3 da nema a wannan dare ita ce daga baya ta fitar da Jamus mai riƙe da kofi, ta kai wasan kusa da na ƙarshe, Stoichkov ɗinsu kuma ya ƙare shekarar a matsayin gwarzon Turai. Duk wannan haka yake. Amma tsakani da Allah, a cikin ƙwallaye 37 da ya ci wa ƙasarsa da wuya a sami wanda ya fi wannan sauƙi, domin ko Dogo, da ƙafafunsa da ba sa jituwa da juna, da an ajiye shi a wurin da ya ci. Wanda ya auna Yekini da wannan ƙwallo kaɗai ya yi kamar mai auna noman mutum da damin ƙarshe da ya gani ana jefawa a rumbu.

Yaran yanzu suna mamakin yadda muka ɗauki ƙungiyar wata ƙasa tamkar tamu. Na ce musu su duba hanya: daga nan zuwa Kano bai kai kilomita 300 ba, zuwa Yamai kuwa kusan 900 ne, kuma da Rediyon Kaduna muka tashi a kunnenmu. Shi kansa Yekini a Kaduna aka haife shi a 1963, a can ya fara wasa a ƙungiyar masaƙar UNTL, Amokachi ma ɗan Kaduna ne. A shekarar da aka karya darajar sefa, kowa yana kukan tsadar shinkafa da sukari, waɗannan mutane ne suka ba mu abin da za mu yi murna da shi kyauta.

Daga Kaduna ya tafi Shooting Stars ta Ibadan, wadda ta kai wasan ƙarshe na kofin zakarun Afirka a 1984 ta sha kashi a hannun Zamalek, daga nan sai Abiola Babes, sannan a 1987 ya sauka a garin da kake zaune yanzu, ya yi wa Africa Sports wasa har 1990. Kai ba ka isa Abijan ba a lokacin, amma tsofaffin magoya bayan ƙungiyar suna nan a kusa da kai, kuma ina so ka zauna da su ka ji ta bakinsu, domin sun ga Yekinin da mu rediyo kawai ya kawo mana labarinsa. Abin da ya fi burge ni a tarihinsa, wanda ban ji ko mutum ɗaya ya ambata a makon nan ba, shi ne zamansa a Fotugal. Vitoria Setubal ba ta cikin manyan ƙasar, kuma bayan zuwansa ta faɗa rukuni na biyu. Ya zauna tare da su bai gudu ba, ya ci ƙwallo 34 a kakar 1992 zuwa 1993 suka dawo rukuni na ɗaya, a kakar da ta biyo kuma ya ci 21, ya fi kowane ɗan gaba na Benfica da Porto da Sporting. Mutumin da zai yi haka a ƙaramar ƙungiya, inda a wasa guda ba lalle a ba shi ƙwallo mai kyau sau uku ba, ba sa'a ce take bin sa ba.

Wannan ya kawo ni ga tsohon musunmu, wanda na san ko a wurin zaman makoki ba za ka sakar mini shi ba. Kai har gobe Abedi Pele ne gwarzon Afirka na 1993, hujjarka kuwa ita ce Marseille ta doke Milan da ci ɗaya mai ban haushi a wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai a Munich, kuma daga kusurwar da Abedi ya bugo ne Basile Boli ya sa kai. Mujallar France Football ta bi ra'ayinka, hukumar ƙwallon Afirka kuma ta bi nawa ta ba Yekini, ya zama ɗan Najeriya na farko da ya sami wannan lambar. Ban taɓa cewa Abedi ba gwani ba ne, kuma ga ƴaƴansa nan biyu a Marseille suna nuna cewa abin a jini yake. Abin da nake cewa shi ne ka dubi waɗanda ke kewaye da shi a wannan shekara: Deschamps da Desailly da Voller da Boksic, ga Barthez a raga. Sa'an nan ka tuna cewa Gana ba ta je Amurka ba, Najeriya kuwa ta je, kuma a wasannin share fage Yekini shi kaɗai ya ci 8 kafin a je Aljeriya a yi kunnen doki 1 da 1 a watan Oktoba a karɓi tikiti. Ba zan tayar da maganar cin hancin wasan Valenciennes da ya sa aka ƙwace wa Marseille kofin Faransa na wannan shekara ba, saboda muna cikin alhini, kuma halin da ƙungiyarka take ciki a bana ya ishe ka.

In ana son a ga Yekini na gaskiya, gasar kofin Afirka ta Tunisiya za a koma, a watannin Maris da Afrilun 1994. Ya ci Gabon biyu, ya ci Zayar biyu a wasan kusa da na kusa da ƙarshe, sannan aka zo ga Kwaddibuwa, wadda ita ke riƙe da kofin tun Senegal a 1992. Wannan sashe kada ka karanta shi da ƙarfi a cikin shago. Sau biyu maƙwabtanka suna shiga gaba a cikin rabin farko, sau biyu ana ramawa, na biyun Yekini ne ya rama, aka tashi 2 da 2 har bayan ƙarin lokaci, aka je bugun fanareti, kuma shi ne ya buga na ƙarshen da ya rufe magana. Ya gama gasar da ƙwallo 5, ya fi kowa, kamar yadda ya fi kowa a 1992 da ƙwallo 4. A wasan ƙarshe da Zambiya bai ci ba, Amunike ne ya ci biyun bayan Litana ya fara zura wa Najeriya, amma wanda ya kalli wasan ya ga cewa ƴan bayan Zambiya a kan Yekini hankalinsu yake, shi ya sa yaron ya sami fili. Ka tuna a ranar ba mu yi ihu sosai ba, domin shekara guda ke nan da jirgin ƴan wasan Zambiya ya faɗa teku a gaɓar Libreville, kuma Kalusha Bwalya da sababbin yara ya zo. Allah da ikonsa, a Libreville ɗin suka ɗauki kofin a Fabrairun bana, bayan Drogba ya ɗaga fanareti sama. Na so in kira ka a daren, sai na tuna a cikin waɗanda kake zaune, na bar ka ka yi jimami da su.

Akwai wani abu da aka tauye masa wanda ba laifinsa ba ne. Ƙwallayensa a gasar kofin Afirka 13 ne, Laurent Pokou na Kwaddibuwa kuwa yana da 14, wanda a lokacin babu mai yawansu. A 1996 Najeriya tana riƙe da kofi, amma gwamnatin Abacha ta hana ƙungiyar zuwa Afirka ta Kudu saboda saɓanin da ya shiga tsakaninta da Mandela bayan rataye Ken Saro-Wiwa da mutanensa, hukumar ƙwallon Afirka kuma ta hukunta ƙasar da hana ta shiga gasar 1998. Gasa biyu ke nan suka wuce shi yana zaune. Na yarda cewa a lokacin ƙarfinsa ya fara raguwa, zamansa a Olympiacos ta Girka bai yi daɗi ba, na Sporting Gijon a Sifaniya ma haka, amma ƙwallo biyu kacal yake nema, kuma a filayen Afirka bai taɓa rasa hanyar raga ba. Sai a 2008 Eto'o ya zo ya wuce Pokou. Rigimar sojoji da ƴan siyasa ce, amma ɗan ƙwallo ne ya biya.

Ba na so kuma in mayar da shi abin da ba shi ba ne don ya mutu. Yekini ba mai yanka ba ne, ba shi da wasa da ƙwallo irin na Okocha da ke sa ƴan kallo su miƙe, yana yawan faɗawa satar gida, kuma yakan ɓarar da ƙwallon da za ka riƙe kai. Abin da yake da shi shi ne ƙirji da gudu da ƙafar dama mai nauyi, da sanin lokacin da zai bar ɗan baya a tsaye, sannan in ya ɓarar da uku ba ya jin kunyar neman na huɗu. Wannan na ƙarshen shi ne ba a saya a kasuwa, kuma shi muka rasa a gasar kofin Afirka ta bana a Gabon. Mena, ƙungiyar ƙasarmu Nijar, ta yi abin da ba mu taɓa gani ba, ta fito daga rukunin da ke da Masar da Afirka ta Kudu, Maazou ya ci Masar a Yamai, Harouna Doula ya zama gwarzon masu horarwa na Afirka, ƴan Afirka ta Kudu suka yi ta rawa a fili suna zaton su ne suka wuce alhali mu ne. Amma da aka je gasar, wasa uku muka yi, ƙwallo ɗaya muka ci, wanda N'Gounou ya zura wa Tunisiya. Najeriya kuwa ko zuwa ba ta yi ba, Gini ta tare ta a Abuja, kuma tun da Yekini ya ajiye takalmi ba a sami wanda ya kusanci 37 ɗinsa ba. Direbobin Kano da ke sauke kaya a kasuwar Dole sun sha tsiya a hannunmu a watan Janairu, yanzu kuma mu ne muke bin su muna yi musu gaisuwa.

A fada an kusa ɓatawa a daren Asabar saboda Tela ya dawo da tsohuwar maganarsa, wai bayan wasan Bulgeriya abokan wasansa sun haɗa baki sun daina ba shi ƙwallo don hassada, shi ya sa bai ƙara ci a Amurka ba. Maganar ta daɗe tana yawo, kuma ba na musun cewa inda kuɗi da suna suka shiga zukata sukan ɓaci. Amma ni ban yarda a ɗora faɗuwar Najeriya a kan wannan ba. Wasan Italiya muna zaune muka gani: Amunike ya ci, daga baya shi da Amokachi duka suka fita da rauni, aka ba Zola na Italiya jan kati, maimakon a danne su sai aka koma ana jan lokaci, saura minti biyu Roberto Baggio ya rama, a ƙarin lokaci kuma ya ci fanareti. Ɗan gaban da aka bari shi kaɗai tsakanin Maldini da Costacurta, ko ƴan uwansa na jini ne a bayansa, wuya zai sha. Tela ya ce ni ban san halin mutane ba, na ce masa shi kuma bai san ƙwallo ba, mai shayi ya raba mu da kofi na uku.

Ƙarshen rayuwarsa shi ne abin da ya fi yi mini nauyi. Bayan zamansa a Suwizalan da gasar kofin duniya ta Faransa 1998, inda yawanci daga benci yake shigowa, ya zaga Tunisiya da Saudiyya, ya sake komawa Africa Sports, sannan ya dawo gida ya yi wa Julius Berger wasa, har a 2005, yana da shekara 41, ya sake ɗaura takalmi a Gateway. Mutumin da ya fi kowa cin ƙwallo a Fotugal bai ga ƙasƙanci ba ne ya shiga mota ya bi filayen ƙasarsa masu ƙura. Daga nan ya zauna a Ibadan, ba ya shiga taro, ba ya neman muƙami, ba a ganin sa a tele yana sharhi kamar sauran abokansa. Jaridu sun yi ta rubutu a kan rashin lafiyarsa a shekarun baya, yanzu kuma kowa ya zama likita, kowa da labarin da yake bayarwa. Ni ban ga amfanin tona asirin mamaci ba, malamanmu ma alherinsa suka hore mu da ambata. Abin da ba na iya haɗiyewa shi ne jawaban manya da suka cika rediyo, kowa yana kiran sa gwarzo, kowa yana alkawari, alhali mutumin yana nan a gari guda shekara da shekaru, ba a ɓoye yake ba, kuma hanyar gidansa ba ta fi ƙarfin motocinsu ba.

Da na faɗi haka a fada, Muse ya ce in bar Najeriya in dubi gida. Ya tambayi yaran da ke wurin su kawo sunan mutum uku daga cikin ƴan Espoir da suka kawo wa Damagaram kofin ƙasa a 1984, sai suka yi ta kallon juna, alhali in ka ce su jero ƴan Barcelona za su haɗa maka har da na benci. Ƴan kokawa sun fi samun gata a wurinmu, tun da ga filin Langa-Langa nan da sunansa, kuma makaɗa ba su bar kirarinsu ya mutu ba. Ɗan ƙwallo kuwa ba shi da makaɗi, ranar da ya daina ci ranar ake daina kiran sunansa. Muse ya ce zai zauna ya rubuta sunayen ƴan wasan wancan lokaci tun da sauran waɗanda suka gan su da ido, yanzu da ya yi ritaya ba shi da aiki sai gyara wa mutane Faransanci. In akwai waɗanda ka tuna, ka rubuto, domin kai ne ba ka fashin zuwa fili a lokacin, ko da yake katanga kake haurawa.

Mun shirya gobe bayan sallar Juma'a za mu taru a yi masa addu'a a ƙofar gidan Muse, ranar Lahadi da la'asar kuma tsofaffin fada za su buga da yara don tunawa da shi. Dogo ya riga ya ce shi zai sa lamba 9, babu wanda ya iya hana shi, sai dai mun roƙi yaran su yi masa a hankali saboda gwiwa. An bar maka gurbinka na mai tsaron gida, wanda tun tafiyarka ba a sami mai sha da yawa kamarka ba.

Ga roƙona. Ka bincika a wurin mutanen Africa Sports ko za a sami tsohon hotonsa da rigarsu mai kore da ja, ko da na jarida ne, ka ba direban goro ya taho mini da shi, ko nawa ne zan biya. Ina so in manna a shago kusa da na Mena, domin hoton raga kowa yana da shi. Ka kuma faɗa mini abin da ake cewa a can game da wasan Chelsea da Bayern na ranar 19 ga wata. A Munich za a yi, garin da kake taƙama da shi tun 1993, kuma na san Abijan gaba ɗaya tana bayan Drogba. Mu ma a nan saboda shi da Mikel yawancinmu Chelsea muke, in ban da Tela, wanda duk inda jama'a suka nufa shi sai ya juya.

Ka gaida Hajiya da yara da duk mutanenmu na Adjame, ka yi wa tsofaffin Africa Sports ta'aziyya a madadina. Mutanen gida suna gaishe ka, Inna kuma tana tambaya ko za ka zo da azumi ko sai babbar salla, ka ba ni amsar da zan kai mata.

Wassalam.

Naka,
amininka na Zango.